Darasi: Yadda kwamitin gari ke sa ido bisa aikin ɗan kwangila

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin gini. A garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso ana ganin manyan motoci suna sauke siminti, ƙarfe da tsakuwa. Wani wuri ajin lakol za a gina, wani wuri ɗakin likita, wani wuri bankin cimaka.

Jama'a ba su manta da shekara ta 2021 ba. Cikin watan Afrilu, gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, wata gobarar ta kama azuzuwan zana a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa duk garin da aka ce za a gina ma aji na siminti, kowa murna yake yi.

Amma ginin siminti ma haɗari ne in ba a yi shi da kyau ba. Iskar farkon damana ta kware kwano. Bango ya tsage tun bai shekara biyu ba. Daɓe ya farfashe ya koma rairai. Kuma kuɗin gini sau ɗaya suke zuwa. Garin da aka gina ma aji bana, zai daɗe layi bai sake zagayowa kansa ba.

Injiniyan da ke duba aiki yana zaune a birni, kuma yana da wuraren gini da yawa. Wata sa'a sai ya yi sati biyu bai leƙo ba. Mutanen gari su ne ke wurin safe da marece. Wannan darasi yana nuna abin da kwamitin gari zai duba, da yadda zai yi magana da masu aiki har gini ya yi kyau ba tare da faɗa ba. An ɗauki ginin aji don misali, amma hanyar ɗaya ce ga kowane irin gini.

1. Su wane ne ke cikin aikin?

Mai aiki shi ne wanda ya ba da kwangila kuma zai biya kuɗi: gwamnati, ko komin, ko wata ƙungiya mai taimako.

Ɗan kwangila shi ne wanda ya sa hannu cewa zai yi gini iri kaza, bisa kuɗi kaza, cikin kwana kaza. Shi ke sayen kaya, shi ke biyan ma'aikata.

Shugaban magina shi ne wakilin ɗan kwangila a wurin aiki. Magina, kafinta, mai ɗaure ƙarfe da leburori duk ƙarƙashinsa suke.

Injiniya shi ne idon mai aiki. Shi ke da ilimin gini. Shi ke da ikon cewa a rushe wuri a sake, ko a tsai da aiki.

Kwamiti shi ne idon gari. Tun 2005 aka kafa kwamitin kula da makaranta, wato COGES, a lakol-lakol na ƙasa baki ɗaya. A 2012 aka sake masa suna, ya koma CGDES. Cikinsa akwai iyayen yara, akwai wakiliyar iyaye mata, akwai mushe darekta. Sau da yawa shi ake ɗora ma sa ido bisa ginin aji.

Kwamiti ba ya canza zanen gini. Ba ya korar lebura. Ba ya kama kayan ɗan kwangila. Aikinsa huɗu ne: ya gani, ya rubuta, ya faɗa cikin ladabi, ya kai labari. Kwamitin da ya san iyakarsa, shi ake jin maganarsa.

2. Takarda kafin magana

Kafin a haƙa ko taki ɗaya, shugaban kwamiti ya roƙi mai aiki ya ba gari kofi na takardar kwangila da zanen gini. Takardun da Faransanci suke. Mushe darekta ya karanta, ya fassara, wani ɗalibin makarantar yaƙi da jahilci ya rubuta manyan abubuwa da Hausa cikin littafi:

Tsawo da faɗin aji. Misali metir 9 da metir 7.
Zurfin ramin harsashi.
Bulo nawa za a fitar daga buhu ɗaya na siminti.
Lambar ƙarfen da za a sa cikin ginshiƙi da ɗamara.
Irin kwano, da ƙofa, da tagogi.
Ranar soma aiki da ranar gamawa.
Abin da aka ɗora ma gari, kamar ruwa ko rairai.

Wanda bai san abin da aka rubuta ba, gardama kawai zai yi. Zai ce "ban yarda ba", magini ya ce "haka ake yi", magana ta ƙare. Wanda ya san takarda zai ce "an rubuta 30, ga shi na ƙirga 40". Wannan magana ba ta da kishiya. Nan ne amfanin karatu yake fitowa fili.

3. Zaman farko

Ranar da ma'aikata suka iso, baƙi ne. A tarbe su kamar yadda ake tarbon baƙo. A ba su masauki, a nuna masu rijiya da masallaci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Maginin da aka karɓa da mutunci yana jin kunyar ya cuci garin.

Bayan haka a zauna gaban maigari: ɗan kwangila, shugaban magina, injiniya, da kwamiti. A daidaita waɗannan abubuwa, a rubuta su:

Ina za a ajiye siminti, kuma wa ke riƙe da makulli?
Wa zai kawo ruwa? Tano nawa a yini? Kyauta ne ko biya?
Samari nawa na gari za a ɗauka lebura? Nawa ne kuɗin yini? Wace rana ake biya?
Wace rana ce ta taron mako?
Waɗanne wurare ne ba za a rufe ba sai an kira kwamiti da injiniya sun gani?

A duba inda aji zai fuskanta tun wannan rana. A ƙasar nan hadari da iska mai ƙarfi daga gabas suke tasowa. Shi ya sa aka fi son ƙofa da tagogi su dubi arewa da kudu. Haka kuma rana ba za ta dami yara da safe da marece ba.

Abin da aka faɗa tun ranar farko, ba ya zama zargi daga baya. In an ce ma magini tun farko "za mu riƙa ƙirga buhu kullum", zai ɗauka tsarin aiki ne. In sai bayan wata ɗaya aka soma ƙirga, zai ce an mai da shi ɓarawo.

4. Baki ɗaya

Babban abin da ke ɓata aiki shi ne yawan masu ba da umurni. Maigari ya zo ya ce a ƙara taga. Liman ya ce a matsar da ƙofa. Wani ɗan gari da ya taɓa yin lebura a Abija ya ce ba haka ake kwaɓa siminti ba. Kafin azahar magini ya ji magana biyar, ya zubar da duka.

Kwamiti ya zaɓi mutum ɗaya mai magana da sunan gari, da mataimaki ɗaya. Ba dole ya zama mai kuɗi ko mafi tsufa ba. A nemi mai haƙuri, mai gaskiya, wanda ke zaune a gari duk rani, wanda ba shi da bashin kowa a wurin aikin. In ya iya karatu da lissafi, ya fi. Duk wanda ya ga wani abu, ya kai ma wannan mutum.

Shi kuma mai magana, da shugaban magina zai yi magana. In ya ga lebura yana zuba ruwa da yawa cikin kwaɓi, kada ya daka ma lebura tsawa. Lebura abin da aka sa shi yake yi. Ya je ga shugabansu. Wanda ya tsallake shugaba ya ba yaransa umurni, ya zubar masa da girma, kuma daga ranar ya samu abokin gaba.

Kwamiti ya rufe bakinsa a waje. In akwai saɓani tsakanin ƴan kwamiti, a gama shi cikin zaure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. Abin da ido zai duba

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya gane waɗannan.

Siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne, ko na Malbaza ne ko na waje. A ajiye shi cikin ɗaki, bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Simintin da ya sha laima yana yin ƙulalai masu tauri. In ƙulli bai murƙushe da yatsa ba, ƙarfin simintin ya ragu. A ƙirga buhun da ya shigo, a ƙirga wanda aka buɗe kowace rana.

Rairai. Rairai mai laka yana kashe ƙarfin siminti. A zuba rairai cikin kwalba ya kai santimetir 10. A ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye har gobe. Rairai zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta bisansa. In kaurin laka ya kai santimetir 1, a nuna ma injiniya.

Bulo. Nan ne aka fi rage siminti. In takarda ta ce bulo 30 ga buhu, aka fitar da 45, kowane bulo ya rasa kashi ɗaya cikin uku na simintinsa. Bulo yana son ban-ruwa safe da marece, aƙalla kwana 7. Bulo mai kyau, in an goga gefensa da yatsa ba ya zuba. In an sake shi daga tsayin ƙirji bisa ƙasa mai tauri ba ya tarwatsewa.

Harsashi. A auna zurfi da faɗin rami da metir kafin a zuba komi. A auna kusurwa huɗu da tsakiya, don wani rami yana da zurfi ta inda ake tsayawa kawai.

Ƙarfe. Lambar ƙarfe ita ce kaurinsa da milimetir: 6, 8, 10, 12. In takarda ta ce lamba 10, kada a sa lamba 8. A ƙirga sandunan ƙarfe cikin kowane ginshiƙi. A auna tazarar zobban da ke ɗaure su. Ƙarfe kada ya jingina da katako. A bar tsakani kamar santimetir 2 zuwa 3 don kankare ya lulluɓe shi. Ƙarfen da ke waje yana tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankare.

Kankare. Ga ginshiƙi da ɗamarar da ke kewaye gini, awon da aka saba shi ne buhu 1 na siminti, baro 1 na rairai, baro 2 na tsakuwa. Ruwa kaɗan ake so. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana da sauƙin zubawa, amma ba shi da ƙarfi. Bayan an zuba, a yi ban-ruwa aƙalla kwana 7, don zafi da iskar hunturu suna shanye ruwan da siminti ke bukata. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Rufi. A duba yadda aka ɗaure ƙarafan rufi da ɗamara. Rufin da aka aza kawai bisa bango, shi ne iska ke ɗauka.

Harsashi da ƙarfe sun fi komi muhimmanci, don da zarar an zuba kankare ba mai sake ganin su. Ko kasuwa ke ci, mai sa ido ya kasance wurin ranar zubi. In akwai salula mai hoto, a ɗauki hoto da metir a jiki, a aika ma injiniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

6. Yadda ake faɗin kuskure

A ɗauka garuruwa biyu ne, kuma abu ɗaya ya faru cikinsu. An buɗe buhu 10, an buga bulo 420. Takarda ta ce 300.

A gari na farko, wani ɗan kwamiti ya zo da zafi. Gaban leburori da yara ya ce ma shugaban magina: "Ku ɓarayi ne! Kun sayar da simintinmu!" Shugaban magina ya ce ba a taɓa zagin shi haka ba. Mutane suka taru, aka yi ta hayaniya. Da dare ma'aikata suka kwashe kayansu. Aiki ya tsaya sati uku. Da injiniya ya zo, maganar zagi aka yi ta yi, aka manta da maganar bulo. Damana ta iske aji ba rufi.

A gari na biyu, mai magana ya jira har ma'aikata suka zauna cin abinci. Ya gai da shugaban magina, ya ja shi ƙarƙashin icce, su biyu kawai.

"Sannu da aiki, Malam. Ramin harsashin nan ya yi kyau. Mun auna, ya cika daidai."

"Madalla, Baba. Aikinmu ke nan."

"Akwai abu ɗaya da nake so mu duba tare. Littafi ya nuna buhu 10 aka buɗe jiya. Na ƙirga bulo, na samu 420. Ko na yi kuskure ne? Zo mu sake ƙirgawa."

Suka ƙirga tare. Bulo 420 ne.

"Takarda ta ce 30 ga buhu. Mi ya kawo haka?"

Shugaban magina ya yi shiru. Can ya ce: "Baba, gaskiya simintin da Alhaji ya aiko ba zai isa ba. Ya ce in lallaɓa."

"Na gane, ba daga gare ka ba ne. Amma jikokina ne za su zauna ƙarƙashin bangon nan, kuma sunanka za a kira in ya tsage. Ga abin da za mu yi. A ware wannan bulo gefe, kada a ɗora shi. Mu rubuta cikin littafi, mu sa hannu mu biyu. Ni zan kira injiniya, kai ka kira Alhaji ka ce masa gari na ƙirga buhu."

Bayan kwana uku mota ta kawo sauran siminti. Injiniya ya gwada bulon da aka ware, ya ce ba za a sa shi cikin bangon aji ba.

Mutumin gari na biyu bai fi na farko son gari ba. Hanya ce ta bambanta. Ya zaɓi lokaci. Ya keɓe mutum. Ya soma da yabon abin da ya yi kyau, kuma yabon gaskiya ne. Ya kawo lissafi, bai kawo zargi ba. Ya yi tambaya, ya saurari amsa. Amma bai sassauta ba: bulo maras kyau bai hau bango ba. Taushin baki daban, sakaci daban.

Tambaya tana da amfani, don ba kowane kuskure ne sata ba. Wani rashin sani ne. Wani gaggawa ce. Wani kuma mai aiki ne bai biya ɗan kwangila cikin lokaci ba. Kowane da maganinsa.

7. Littafin aiki

Baki yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Kwamiti ya sayi littafi ɗaya, ya sa ma shafuna lamba. Kowace rana a rubuta layi kaɗan. Ga misali:

Litinin 12 ga wata. Ma'aikata 9. Buhu 8 aka buɗe, bulo 240. An yi ban-ruwa safe da marece. Saura buhu 52 cikin ɗaki.

Talata 13 ga wata. Ba a yi aiki ba har azahar. Ruwa bai zo ba. Laifin gari ne.

Laraba 14 ga wata. Injiniya ya zo. Ya duba ƙarfen ginshiƙi 6. Ya ce a gyara guda 2 kafin a zuba.

A lura da layin Talata. Littafin da ke rubuta laifin ɗan kwangila kaɗai, ba wanda zai yarda da shi. A rubuta na kowa. Ranar taron mako a karanta littafi da ƙarfi, shugaban magina ya sa hannu, mai magana ya sa hannu. Sau ɗaya a wata a karanta shi gaban jama'ar gari, maza da mata.

8. Goron ɗan kwangila

Wata rana ɗan kwangila zai kira mai sa ido gefe. Zai ce: "Ga wannan ka sha ruwa." Ko ya ce: "Na ga ɗakinka na son gyara, ɗauki buhu biyu." Ko ya ɗauki ɗansa aikin gadi, ya riƙa biyan shi fiye da kowa.

In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya karɓi buhu biyu ba zai iya tambayar inda buhu ashirin suka shiga ba. Kuma buhun nan biyu daga bangon aji aka cire su.

Ana iya ƙi ba tare da cin fuska ba. A ce: "Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Amma amanar gari ce a wuyana. In kana so ka yi alheri, ka kawo shi gaban kwamiti, a rubuta, ya zama na lakol." Mai niyyar kirki zai kawo. Mai wata niyya zai gane.

Haka nan, kada ɗan kwamiti ya zama shi ke sayar ma ɗan kwangila tsakuwa ko rairai. In dole ne, ya sauka daga sa ido, a sa wani.

9. Gari ma ya cika alkawarinsa

Ba a tambayar mutum alkawari alhali ba a cika nasa ba. In gari ya ce zai kawo ruwa, ya kawo kafin ma'aikata su fito. A raba kwanaki unguwa-unguwa, a rubuta. Kada a bar ma mata wannan nauyi su kaɗai. Masu amalanke su taimaka. A tambayi wakiliyar mata tun farko wane lokaci ne rijiya ba ta da cunkoso.

Shugaba na gari yana kula da lafiyar masu aiki. Ɗanyen siminti yana cin fata, saboda haka a tuna ma shugaban magina maganar safar hannu da takalma. A duba katakon da magina ke hawa. A rufe ramin ajiyar ruwa, a hana yara wasa kusa da rami da ƙarfe. Yaran lakol ba leburori ba ne, kada a sa su ɗaukar bulo.

A kula da kuɗin leburori. In ranar biya ta wuce, mai magana ya tambaya tun sati na farko, kada a bari ya taru. Mai tuwo da mai shago kada su ba ma'aikata bashi sai da sanin shugabansu, kuma a rubuta. Garuruwa da yawa sun wayi gari ma'aikata sun tafi da bashin mutane.

10. In magana ta ƙi

Wani lokaci ladabi ba ya isa. To, akwai matakai, kuma ana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, a faɗa ma shugaban magina a keɓe.
Na biyu, a rubuta cikin littafi, a kawo maganar taron mako.
Na uku, a kira injiniya da ɗan kwangila. In abin da za a rufe ne, kamar ƙarfe, a roƙi a dakata da zubi har injiniya ya gani.
Na huɗu, a rubuta wasiƙa zuwa ga mai aiki da hukumar komin. Shugaban kwamiti da maigari su sa hannu. A ajiye kofi.

Kada a yi zagi, kada a yi duka, kada a kulle kayan mutane. Ranar da gari ya ɗaga hannu, ranar gaskiyarsa ta koma laifi.

11. Karɓar aiki

In an gama, ana karɓar aiki sau biyu. Ranar karɓar farko, a zagaya gini tare da injiniya. A buɗe kowace ƙofa da taga, a rufe. A shiga aji da rana tsaka, a dubi sama ko haske na shigowa ta hudar kwano. A ƙwanƙwasa shafe da daɓe, wurin da ya yi ƙarar ganga bai kama ba. Duk abin da ya rage a rubuta shi cikin takardar karɓa. Kada a yarda da "sa hannu, gobe za mu gyara". Kuma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta masa ba.

A ayyukan gwamnati, ana riƙe wani kashi na kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5 cikin 100. Ba a ba shi sai ranar karɓa ta ƙarshe, wadda ke zuwa bayan shekara ɗaya. Cikin wannan shekara gini zai ga damana. In rufi ya yi yoyo ko bango ya tsage, a rubuta ranar, a sanar da mai aiki nan da nan. Ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa. In aka yi shiru har shekara ta cika, gyara ya koma wuyan gari.

In aiki ya yi kyau, a faɗa. A gode ma magina gaban jama'a, a rubuta ma hukuma cewa wannan ɗan kwangila ya cika alkawari. Mai aikin kirki ya cancanci shaida, don gobe wani gari ya amfana da shi.

Lissafi

1. Takarda ta ce bulo 30 ga buhu. An buɗe buhu 12, an ƙirga bulo 450. Bulo nawa ya kamata a samu? Nawa ne ya yi yawa?
2. An sauke buhu 80. An buɗe 8 ran Litinin, 10 ran Talata, 7 ran Laraba. Buhu nawa ya kamata a iske cikin ɗaki?
3. An zuba ɗamara ran 3 ga wata. Ran nawa ga wata za ta cika kwana 28?
4. Kuɗin kwangila sefa miliyan 8 ne. An riƙe kashi 5 cikin 100. Jika nawa ke nan?

Amsa: 1. Bulo 360, guda 90 suka yi yawa. 2. Buhu 55. 3. Ran 31 ga wata. 4. Jika 400.

Tambayoyi don tattaunawa a makaranta

1. Wane gini ne aka yi a garin nan da ya lalace da wuri? Mi ya kamata a duba lokacin da ake yin shi?
2. Mi ya sa ake son mutum ɗaya ya yi magana da sunan gari?
3. In ɗan kwangila ɗan'uwan maigari ne, yaya kwamiti zai yi?
4. Su wane ne cikin ɗaliban wannan makaranta za su iya riƙe littafin aiki?

Malamin makaranta ya kawo metir da kwalba ranar darasi. Ɗalibai su auna ɗakin karatu, su gwada rairan garinsu, kowa ya rubuta abin da ya samu cikin littafinsa.